Ƙamus ɗin Oxford na Turanci da Sinanci: abin da na gani da nake koyar da Sinawa da shi a Kano

Daren da na fara zama da ɗalibaina Sinawa, su huɗu ne, a wani ɗaki da ke bayan ofishin wata masana'antar robobi a Sharaɗa. Na dawo daga sallar magariba na tarar ɗakin ya yi duhu, sai babbansu, wani injiniya mai furfura da ya haura shekara 50, ya dubi ƙaraminsu ya ce masa da Turanci: “Open the light.” Yaron ya miƙe ya kunna fitila. Babu wanda ya ga aibun maganar a cikinsu, ni ma ban tanka ba a lokacin, domin na san tushenta. A Sinanci kalma ɗaya ce, “kai”, da ita ake buɗe ƙofa, da ita ake kunna fitila, da ita ake tuƙa mota, har taro da ita ake yinsa. Injiniyan kuwa tun yana ɗan sakandare aka rubuta masa cewa “open” ita ce “kai”, ya haddace, ya riƙe shekara da shekaru. Washegari na zo musu da littafin da zan yi magana a kansa.

Sunansa Oxford Advanced Learner's English-Chinese Dictionary, Sinawa kuma suna taƙaita shi su ce Niujin Gaojie. Nawa bugu na 9 ne, wanda ya fito a 2018. Na saye shi a 2019 a wani kantin littattafai na Xinhua a birnin Nanjing na ƙasar Sin, ana saura 'yan watanni in gama karatu in dawo gida, kuɗinsa bai kai yuan 200 ba. Don kaina na saya, saboda na san aikin tafinta zan yi, sai daga baya koyarwa ta shigo, ya zama shi ne babban kayan aikina.

Duk wanda ya yi sakandare a Nijeriya ya san uban wannan ƙamus, shi ne Oxford ɗin nan da malaman Turanci suke matsa mana mu saya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a gabashin Asiya aka yanke masa cibiya. Wani malami Bature, A. S. Hornby, ya tafi Japan koyar da Turanci a 1924, ya ga ɗalibansa sun san ma'anar kalmomi da yawa amma ba sa iya ɗinka su su zama magana. Shi da abokan aikinsa suka shirya ƙamus don baƙin harshe, aka fara buga shi a Tokyo a 1942, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake fitar da shi a 1948. Na Sinancin kuwa, a babban yankin ƙasar Sin, kamfanin Commercial Press ne yake buga shi tare da Oxford, tsohon kamfani da aka kafa a Shanghai tun 1897. Wato cutar da Hornby ya gani a wurin Japanawa ita ce na tarar a Sharaɗa, maganin ma shi ne dai.

A cikakken sunansa na Sinanci akwai kalmar “shuangjie”, ma'anarta bayani biyu. Kowace kalma za ka ga bayaninta da Turanci mai sauƙi, a gefensa fassarar Sinanci, sai misalai, kowane misali da tasa fassarar. Ba a cire komai daga na Turanci zalla ba, ƙari aka yi. Bayanan kuma an rubuta su ne da jerin kalmomi 3,000 da Oxford ta ware a matsayin waɗanda mai koyo ya fi buƙata, an yi wa kowacce alamar ɗan makulli a gefe.

Kafin mutum ya gane amfanin wannan tsari sai ya san yadda Basine yake koyon Turanci a gida. Yawanci daga aji 3 na firamare ake farawa. A jarrabawar shiga jami'a, gaokao, harshen waje yana ɗaukar maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, a jami'a kuma ga jarrabawar Turanci ta CET-4 tana jira. Hanyar da aka fi bi ita ce “bei danci”, wato haddar kalmomi. Na ga wannan da idona a Nanjing: da asuba ina dawowa daga sallah sai in tarar da ɗalibai a bakin tafkin makaranta, kowa da ɗan littafinsa yana kai da kawowa yana biya wa kansa, kamar almajirai a gaban allo. Kalmar Turanci a hagu, ta Sinanci a dama. Akwai ma wata magana da ta shahara a tsakaninsu, cewa kalmar farko a littattafan haddar ita ce “abandon”, wato watsar, kuma da yawa a kanta suke watsar da karatun. Waɗanda suka jure sukan fito da dubban kalmomi a ka, amma baki ya ƙi buɗewa. Su da kansu suna kiran abin “yaba yingyu”, Turancin bebe.

Ina girmama wannan ƙwazo matuƙa, mu ma hadda muka gada. Amma kalma kamar mutum take, ba ka san ta ba sai ka san da wa take zama da wa take gudu. Wannan shi ne abin da ƙamus ɗin yake koyarwa, kuma saboda shi nake yaba shi.

A dare na biyu na hana su neman “open”. Na ce su nemo “light”. Injiniyan ya gyara tabarau, ya bi shafin da yatsa har ya isa ma'anar fitila, sai ga misali an rubuta abokan zaman kalmar da baƙin rubutu mai kauri: “turn on”, “switch off”. Ya ɗago ya ce, “Laoshi, to ina open ɗin?” Laoshi shi ne malam a harshensu, haka suke kirana duk da ya kusa haifata. Na ce masa babu ita, kuma rashinta shi ne darasin. Daga nan muka tafi “medicine”. Basine cin magani yake yi, “chi yao”, Bahaushe shansa yake yi ko da ƙwaya ce, Bature kuma “take” yake cewa. Da na gaya musu yadda muke faɗa da Hausa suka yi ta mamaki, wai ta yaya za a sha ƙwaya. Na ce kamar yadda ku kuke cin ta. Tun daga ranar suka fara yarda cewa kowane harshe da irin auren da yake ɗaura wa kalmominsa.

Inda ƙamus ɗin ya fi burge ni shi ne 'yan akwatunan bayani da ake sakawa a tsakiyar shafi don kalmomin da ake rikitawa. Akwai guda a kan “borrow” da “lend”. A Sinanci duk “jie” ne, mai bayarwa da mai karɓa. Mu ma haka: na ari biro, ara mini biro, tushe ɗaya. Shi ya sa “borrow me” take fita daga bakin Bahaushe kamar yadda take fita daga bakin Basine. Akantar masana'antar, wata mata mai kimanin shekara 35 wadda ta ci CET-4 tun tana jami'a, ta taɓa rubuta takardar rancen albashi ta juya kalmomin biyu, har takardar ta nuna kamar kamfani ne ya ci bashin direba. Da muka karanta akwatin tare, ta zana kibiya biyu a littafinta, ɗaya tana shigowa ɗaya tana fita. Ban sake ganin ta maimaita kuskuren ba.

Sai haruffan nan biyu, C da U, da ake sa wa sunaye don a nuna wanda ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Sinanci ba ya ƙara wa suna wutsiyar jam'i, ba shi da “a” ba shi da “the”, saboda haka ɗalibin da ya ji ana ƙara “s” sai ya bi kowace kalma yana ƙara mata: “equipments”, “advices”, “informations”, “furnitures”. Waɗannan ma ba baƙi ba ne a takardun ofisoshinmu. Ƙamus ɗin yana sa U, kuma bai tsaya nan ba, yana nuna maka mafita, cewa idan guda ɗaya kake nufi sai ka ce “a piece of”. Na sa musu doka: duk sunan da suka nema, su fara duba harafin kafin ma'ana.

Amma darasin da ya fi kowanne nauyi ba a aji aka yi shi ba. Matar injiniyan ta zo ziyara daga Sin, ya kawo ta masana'anta, aka yi dace wani Alhaji babban dilansu ya zo lodin bokitai. Injiniyan ya ɗan leƙa wayarsa, wata manhajar fassara ta ba shi kalma, ya nuna matar cikin alfahari ya ce, “This is my lover.” Alhaji yana jin Turanci daidai gwargwado. Na ga fuskarsa ta canza, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na yi sauri na ce, “Alhaji, matarsa ce ta aure, uwar 'ya'yansa. Kalmar ce ta kuɓuce masa.” Ya ce, “Au, to madalla, Malam. Ai na ce.” Abin da ya faru shi ne, manyan Sinawa na zamanin injiniyan suna kiran mijin aure ko matar aure “airen”, idan ka rarraba ta kuwa mutumin da ake so ke nan. Wayar ta ba shi fassarar da ta fi kusa a zahiri, ba ta gaya masa cewa a Turanci wannan kalma farka take nufi ba. Da dare na buɗe masa shafin. Bayanin Turancin ya faɗi ƙarara cewa alaƙa ce ta wajen aure, Sinancin ya kawo “qingren”. Ya daɗe bai ce komai ba, kunnuwansa sun yi ja. Sannan ya roƙe ni in raka shi wurin Alhaji ya gyara maganar da bakinsa, muka je kuwa.

Irin wannan ne ya sa nake ganin 'yan alamomin da ƙamus ɗin yake liƙa wa kalmomi sun fi fassarar daraja. Zai ce maka wannan ta zagi ce, wannan ta ofis ce, wannan ta hira ce, wannan ta tsufa. Kalmar “xuanchuan” a Sinanci ba ta da wani tabo, yaɗa labari ne ko tallata abu, amma a littattafan hadda “propaganda” ake ajiye mata a gefe. Akantar ta taɓa shirya saƙo ga mai buga fosta tana neman a yi wa sababbin bokitansu “propaganda”. A ƙamus an rubuta a gaban kalmar cewa yawanci ta suka ce, da Turanci da Sinanci. Muka sauya zuwa “advertising”. Haka “peasant”, wadda suke ɗauka manomi kawai take nufi, alhali idan ka jefi mutum da ita ka ce masa bagidaje. Ga kuma “fangbian”, da take haifar da “Are you convenient?” idan suna son tambayar ko kana da sarari. A nan ƙamus bai yi wa'azi ba, misalansa ne suke nuna cewa lokaci ko wuri ake siffantawa da kalmar, ba mutum ba.

Yanzu sai inda yake da iyaka, don ba na son wani ya saya da zaton zai yi masa komai.

Babbar matsalar tana cikin abin da na yaba. Idan Sinanci yana kwance kusa da Turanci, idon Basine ba ya tsayawa a Turancin, tsalle yake yi ya faɗa kan harshensa, kamar yadda namu zai yi da Hausa ce a wurin. Na lura ƙaraminsu yana buɗe shafi ya rufe cikin daƙiƙa biyar, ya ɗauki fassara ta farko ya tafi, wato ya mayar da littafi mai shafi sama da 2,000 ɗan littafin hadda. Abin da na yi shi ne na yanko kwali daidai faɗin layi, kowa ya rufe Sinancin, ya karanta bayanin Turanci da misali biyu da ƙarfi, ya faɗi abin da ya fahimta, sannan ya ɗaga kwalin ya gani ko ya dace. Aikin yana cin lokaci, a dare ɗaya ba ma wuce kalma 8 ko 10. Da farko sun yi ƙorafi, su da suka saba haddace 50 a rana. Bayan wata biyu injiniyan da kansa ya yanka wa kowa sabon kwali daga ragowar katan ɗin masana'anta.

Sannan hanya ɗaya yake bi, daga Turanci zuwa Sinanci. Idan kalmar Sinanci ce a bakinka kana neman ta Turanci, ba zai kai ka ba. Dole waya ko wani ƙamus ya fara ba ka kalmar, sai ka kawo ta nan a yi mata bincike kafin ka furta. Da injiniyan ya yi haka ranar da matarsa ta zo, da Alhaji bai sunkuyar da kai ba. Akwai kuma abin da littafi ba ya gyarawa ko kaɗan. A magana, Sinanci “ta” yake cewa ga namiji da mace, a rubutu ne kawai suke bambanta, don haka har yau akantar takan ce “he” tana nufin 'yarta. Ta san ƙa'idar sarai, harshe ne bai saba ba, wannan sai yawan magana. Furuci ma haka: an rubuta na Ingila da na Amurka da alamomin sauti, amma takarda ba ta magana. Akwai manhajar waya ta ƙamus ɗin mai sauti, wanda yake da hali ya haɗa biyun.

Nauyi kuwa akwai shi. Ba littafin sawa a aljihu ba ne, takardarsa siririya ce, rubutun ƙanana, injiniyan sai da ya nemi gilashin ƙara girman rubutu. Da hunturu idan yatsu sun bushe, buɗa shafi ɗaya sai an yi haƙuri.

Abu na ƙarshe ba laifin ƙamus ba ne, amma ya shafi duk Basinen da zai zauna a nan. Turancin da yake ji a titi da cikin masana'anta ba na Landan ba ne. Direbansu ya kira ya ce ya makara saboda “go-slow”, ƙaraminsu ya duba, abin da ya fara gani shi ne ma'aikata su rage saurin aiki da gangan don nuna fushi. Ya zo mini hankali a tashe, wai direbobi sun fara bore. Na ce cunkoson motoci ne kawai a Ƙofar Nasarawa. Haka “I'm coming” da ma'aikaci zai faɗa yana fita, wato ina zuwa irin tamu, da “sorry” da muke ce wa wanda ya yi tuntuɓe, wato sannu, su kuma su ɗauka mutum yana amsa laifi ne. Ƙamus ɗin yana da alamar Turancin Afirka ta Yamma a kan wasu kalmomi, na ji daɗin ganin haka, amma Turancin Sabon Gari da Kwari ya fi ƙarfin kowane littafi.

Duk da haka, idan aka tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa, amsata e ce, babu jan numfashi. Na fi ba da shawararsa ga mutum uku: Basinen da ya riga ya tara kalmomi yana son ya iya sarrafa su, malamin da yake koyar da Sinawa ko da Sinancinsa kaɗan ne, da ɗan'uwa Bahaushe mai tafinta ko mai karatu a Sin. Ni kaina na koyi Sinanci mai yawa daga fassarar misalansa, domin jimloli ne cikakku da ƙwararru suka juya, ba kalmomi a warwatse ba. Wanda bai taɓa Turanci ba sam, ya fara da ƙaramin ƙamus tukuna, wannan zai yi masa yawa. Sau da yawa idan na buɗe shi nakan ji kwaɗayin a ce muna da irinsa da Hausa, bayanin Turanci ga na Hausa a gefe, har da misalai da alamomi, domin yaranmu masu cewa “borrow me” maganin da suke buƙata ke nan.

Mai son saya ya lura da abu biyu. Akwai bugu mai sauƙaƙan haruffa na babban yankin Sin, akwai mai tsofaffin haruffa na Hong Kong da Taiwan, sai ka tambayi ɗalibinka wanne yake karantawa. Akwai kuma na jabu, waɗanda rubutun bayan shafi yake ɓullowa ta gaba, don haka a saya a kantin littattafai na sosai. Bugu na 10 ya fito, idan shi aka samu ya fi. Ban taɓa cin karo da shi a shagunan littattafan Kano ba, waɗanda ɗalibaina suke riƙe da su yanzu wani ɗan kasuwar Kwari ne ya taho mana da su daga Guangzhou, guda uku, ya ce sun cinye masa kilo a jaka.

Nawa bangonsa ya fara rabuwa, na ɗaure shi da salatif. A cikin bangon baya akwai takardu huɗu da muka liƙa, inda muke rubuta Turancin Kano da ba mu samu yadda muke so a ciki ba, layi uku-uku: kalmar, Sinancinta da hannun akantar, Hausarta da hannuna. Makon jiya muka ƙara “flash” da “drop”, injiniyan kuma ya ce a bar masa wuri don “dash”, yana son ya fara tambayar mai gadi tukuna.